Ranar da Hajja Saniyya Ta Ƙi Shiga Kabari

Ni da nake tsayawa gaban mutum ashirin in yi awa shida ina zuba ba tare da harshena ya sarƙe ba, yau ga ni na rasa ta inda zan kamo muku zance. Idan kun ga ina tafiya ina dawowa ku yi min uzuri, haka kaina yake tun safiyar Litinin. Har yanzu ban gane ba, ni aka yi wa laifi ko ni na yi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nagla. Shekarata ashirin da takwas, gidanmu yana yammacin kogi a Luksor ta ƙasar Masar, inda in ka hau rufin ɗaki shanya, dutsen kaburbura ne yake kallonka. Baba ya yi shekara talatin yana gadin kaburburan Fir'aunoni kafin ya ajiye aiki, ni kuma na yi karatuna na zama jagorar masu yawon buɗe ido. Shekara biyar ke nan katin aikin yana rataye a wuyana, kuma ina son aikin nan so mai tsanani, ba zan ɓoye muku ba.

Mama ce ba ta son shi. A lissafinta, katin nan ya kore min maza uku. Kowannensu ya zo ya zauna a falonmu ya sha shayi ya yaba tarbiyyata, da ya ji cewa ina wuni a rana ina yawo da baƙi maza da mata, har da Turawa, sai a nemi ƙeyarsa a rasa. Ni ko a jikina, don babu wanda ya kwanta min a cikinsu. Mama kuwa duk wanda ya tafi sai ta yi kwana uku tana ɗaure kai da kallabi kamar an yi rasuwa.

Sai ga Shazli wata biyu da suka wuce. Injiniya ne a masana'antar sukari ta Armant, dogo, ba ya son magana, in zai yi dariya sai ya sunkuyar da kai. Ranar da ya zo ganina da mahaifiyarsa, Hajja Saniyya, Mama ta cire ledar kujerun falo, abin da ko da Sallah ba ta yi. Na sa doguwar rigata ruwan ganyen zaitun, na shigo da tiren lemon mangwaro ina kallon ƙasa kamar wata saliha. Ina miƙa kofi Hajja ta tambayi aikin da nake yi.

"A ofis take," Mama ta yi caraf ta karɓe. "Kamfanin yawon buɗe ido. Gaban kwamfuta take wuni, ko rana ba ta ganinta."

Na ɗago na kalli Mama, ta watso min idon nan nata. Na kalli Baba, ya ga carbinsa ya fi ni buƙatar kulawa. Na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne mutumin ya shiga raina. Saƙonninsa ba su da wani daɗin baki. "Kin ci abinci?" "Yau akwai sanyi, ki sa rigar kirki." Wani lokaci hoton taragon rake kawai zai turo ba ko kalma ɗaya, ni kuma in zauna ina murmushi gaban hoton rake. Sau uku ina rubuta masa gaskiya ina gogewa. Duk lokacin da na ce wa Mama zan faɗa, sai ta ce in bari a karanta Fatiha tukuna, namiji in ya riga ya kawo kawunnansa ba ya juyawa. An sa ranar Alhamis ɗin nan mazan gidansu za su zo a karanta a tsayar da magana.

To, Litinin da sassafe. Ina gaban madubi ina kankare haɗin kindirmo da sitaci da Mama take shafe min fuska da shi kullum, wai kada rana ta tona mana asiri. Na sa baƙin wando, farar riga mai tsawo har gwiwa, mayafi ruwan toka, takalmin tafiya, na ɗora malfata a kai. Saƙon Maryan, wadda ke raba mana aiki a ofis, ya shigo: mutum goma sha huɗu, duk Misirawa, zan ɗauko sha biyu a otal, biyu kuma za su jira mu a bakin fito na yamma. Na ce to. Ƙarƙashinsa ga na Shazli.

"Barka da asuba. Yau ma ofis?"

"Yau ma aiki," na rubuta. Kun ga wayona, ko? Wai ni ban yi ƙarya ba.

"Allah ya taimaka. Na ɗauki hutu yau, zan kai Hajja wani wuri."

Ya kamata in tsaya a nan in yi tunani. Lokacin yankan rake ne, injinansu ba sa hutawa, mutumin da ko Juma'a da ƙyar yake samu ne ya ɗauki hutu ranar Litinin. Amma ni sai na ɗauka asibiti zai kai ta saboda gwiwarta, har na tura masa addu'a da fure.

Ƙarfe bakwai da rabi bas ɗinmu ta tsaya a bakin fito. Ina riƙe da makirufo ina gaya wa mutanena su ajiye tikitinsu da kyau, direba ya buɗe ƙofa. Baƙar abaya ta fara shigowa, da sanda, da jakar leda mai nauyi. Bayanta Shazli ne cikin riga shuɗiya mai dogon hannu, an goge ta har tana sheƙi.

Wallahi sai da na ji makirufon ya yi min nauyi a hannu. Katina yana lilo a ƙirjina, da hotona da sunana da manyan baƙaƙe. Ba inda zan shige.

"Ina kwana, Ustaza," in ji Shazli, kamar yadda kowane baƙo yake gaishe ni. Ya wuce can baya ya zauna.

Hajja Saniyya kuwa ta kalle ni tun daga malfa har takalmi, ta ce gwiwarta ba za ta kai ta baya ba, ta zauna a kujerar gaba, daf da ni. Ta ɗora jakarta a cinya. Ƙanshin gurasar da ake kumburawa a rana da tsohon cuku ya cika min hanci. Ba ta ce ta san ni ba, ba ta kuma ce ba ta san ni ba.

Ku gaya min, me ake yi a irin wannan? In gaishe ta a matsayin suruka ko a matsayin baƙuwa? Katsam suka faɗo hannuna, ko da gangan suka zo? In da gangan ne, waye ya shirya, ita ko shi? Na sunkuya kamar ina duba takarda na rubuta wa Mama: "Suna cikin bas ɗina. Shi da Hajja." Ko minti ɗaya ba a yi ba ta kira, na kashe, ta sake kira, na kashe. Sai saƙon murya, na kara a kunne. Bayan salati da kiran sunan waliyyai, ta ce in ce mai aikin ce ba ta da lafiya, aka roƙe ni in tsaya mata yau kaɗai.

Kuma ku ji rashin kunyata, na fara shirya ƙaryar a baki. Mun tsaya gaban wasu manyan gumakan dutse biyu da ke bakin hanya, na yi bayani kamar sabuwar shiga, ina in'ina da gangan, rabi kuma ba da gangan ba. Wata malamar makaranta daga Iskandariyya har ta gyara min shekara. Ni, Nagla, a gaban gumakan da nake wucewa tun ina goye.

Ƙaryar ba ta kai ko'ina ba. Na saba fara kai mutanena haikalin sarauniya Hatshibsut don kauce wa cunkoson Kwarin Sarakuna, inda kaburburan suke, to tun daga ƙofa aka fara kwance min zani. Mai duba tikiti ya ce, "Ustaza Nagla, jiya ba mu gan ki ba, lafiya?" Masu sayar da gyale da gumakan dutse suka taso da "Ustaza, Ustaza, yau ki bar mana su minti biyar." Wani tsohon mai gadi, abokin Baba, ya riƙe ni yana tambayar ciwon bayan Baba, ya ƙare da cewa shekara biyar yana ganina a nan bai taɓa ganin fuskata ta yi fari haka ba, ko ba ni da lafiya ne. Duk wannan Hajja tana gefena tana dogara sanda, tana kallon sama kamar tana ƙirga tsuntsaye.

Daga nan na haƙura. Na ce tunda an riga an kama ni, gara a kama ni ina aikina da kyau. Na tara su a inuwar ginshiƙai na ba su labarin macen da ta hau gadon mulki, ta sa aka sassaƙa ta da gemu, ta aika jiragen ruwa ƙasa mai nisa suka dawo da itatuwan turare da saiwarsu a cikin kwanduna. Na nuna musu kifayen da aka zana a ƙarƙashin jiragen, da gidajen mutanen can da ake hawa da tsani. Muryata ta dawo, hannuwana suka fara yawo, na manta da kowa. Haka nake in ina gaban bango, Baba ma ya ce ba ya gane ni.

Sai na ji an taɓa min gwiwar hannu da kan sanda. Hajja ce, ta matso har hancinta ya kusa taɓa igiyar da aka tare bangon da ita. Ta tambaye ni ko wancan ɗin jaki ne. Na ce jaki ne. Ta ce waɗannan kuma buhuna ake lodawa. Na ce haka ne. Ta bi zanen da ido daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ta ce, ba da ni take ba ma, "Ni ban iya karatu ba, amma wannan na karanta shi."

Na waiga neman Shazli. Yana can baya ya harɗe hannu. Ba bango yake kallo ba, wani magidanci yake kallo, ɗan Alƙahira mai yawan tambaya da ya matso kusa da ni don ya ji da kyau. Da idonmu ya haɗu sai ya zaro waya. Tawa ta yi motsi a aljihu, na duba.

"Ki sha ruwa. Muryarki ta fara dishewa."

Wannan fushi ne ko kulawa? Na karanta sau huɗu ban gane ba.

Wajen goma da rabi muka isa Kwarin Sarakuna. Akwai dokar da duk mai aikinmu ya sani: jagora ba ya bayani a cikin kabari. Numfashi da cunkoso suna ɓata fentin, don haka a waje muke gama surutunmu, baƙi su shiga su kaɗai, mu jira su a inuwa. Kowannenmu yana da hotunan cikin kabarin a jaka, nawa har sun fara cin kunne. Na tsayar da su gaban kabarin Fir'auna Ramsis na Uku na ɗaga hotuna ɗaya bayan ɗaya. Na ce su lura, in sun yi nisa kaɗan hanyar za ta karkata dama, domin masu haƙan suna cikin sara suka ɓurma cikin kabarin wani, dole suka kauce. Na ce su nemi makaɗan garaya guda biyu a ɗan ƙaramin ɗaki. Na ba su minti ashirin.

Kowa ya bi layi, mai gadi yana huda tikiti. Shazli ya kamo hannun mahaifiyarsa, ta zame.

"Ni ba na shiga kabari da ƙafata," ta ce. "Ranar da za a kai ni, ɗaukata za a yi. Ka je ka gano mana."

Ya tsaya yana kallonta, wani irin kallo mai tsawo da ban fahimta ba a lokacin. Ta kore shi da bayan hannu. Ya sunkuyar da kai ya shige.

Shi ke nan, doka ta hana ni shiga, ita kuma ta ƙi. Muka rage ni da ita a kan benci a ƙarƙashin rumfa. Ta buɗe jakarta ta gutsuro gurasa, ta ɓare dafaffen ƙwai, ta barbaɗa gishiri da yaji ta miƙo min. Na ce na ƙoshi. Ta ce ba tambayata ta yi ba. Na karɓa na gutsura.

"Hajja, ki yafe min," na ce. "Ba a ofis nake ba. Ban taɓa zama a ofis ba."

"Na ga alama."

"Na so in faɗa. Tsoro na ji."

"Ƙaryar ta yi min ciwo, ba zan ce ba ta yi ba. Na zauna a falonku na ci na sha, aka dubi furfurata aka shirga min. Uwarki na gane ta, uwa ce, ni ma na aurar da 'ya'ya mata huɗu. Ke ce kika ba ni mamaki, da kika tsaya da tire kamar ba ki da baki. Ashe bakin har ya yi yawa."

Hawaye suka cika min ido. Na ce duk hukuncin da ta yanke na karɓa, ta zo ta gani da idonta, ba ni da abin cewa.

Ta daina tauna. "Wa ya ce miki ni na ce a zo?"

Daga nan ta warware min komai, a hankali, tana kakkaɓe ɓurɓushin gurasa daga abayarta. Sati biyu da suka wuce wani abokin aikin Shazli ya nuna masa bidiyo a waya, wanda wata baƙuwa ta ɗora a intanet. Ni ce a ciki, gaban haikalin Habu, ina dariya tsakiyar Turawa. Abokin bai san komai ba, cewa kawai ya yi ga wata 'yar yankinku da ta iya Turanci kamar ruwa. Shazli ya dawo gida bai ci abinci ba. Kwana uku yana kewaye uwarsa kafin ya faɗa mata. Shi ya kira ofishinmu, shi ya roƙa a sa su a ranar da nake aiki.

Sati biyu. Na fara tuno saƙonnin sati biyun nan, "kin ci abinci," "yau ma ofis," da hotunan rake. Duk ya sani. Kullum da safe yana tambayata, yana jira ya ga ko zan sake yi masa ƙarya. Kunya ta rufe ni, fushi kuma ya taso ta ƙarƙashinta, na rasa wanne zan fara ji.

"To me ya sa bai tambaye ni ba?"

"Don yana sonki, kuma matsoraci ne irin ubansa, Allah ya ji ƙansa. Ba ya son ya rasa ki, ba ya son aikin, ba ya kuma son ya zama shi ne ya hana ki. Sai ya ce bari ya kawo tsohuwa ta ga yarinya tsakiyar maza, ta ce atafau sai an ajiye. Ke ki ji haushina ni, shi ya zauna yana ba ki haƙuri." Ta nuna bakin kabarin da haɓa. "Kallon da ya yi min ɗazu, cewa yake ga dama nan, ki yi mata magana."

"Za ki yi?"

"Da niyyar yi na fito. Tun a mota nake haɗa kalmomin." Ta yi ajiyar zuciya tana kallon duwatsun. "Shekarata sittin da biyu, tsakanin gidana da nan bai kai tafiyar awa ɗaya ba, ban taɓa zuwa ba. Mu a wurinmu kayan Turawa ne. Yau 'yar mutane ta tsaya ta karanta min bango. Ba da bakina za a ce miki ki bari ba."

Na kamo hannunta zan sumbata, ta janye.

"Kada ki yi murna, 'yata. Cewa na yi ba zan faɗa ba, ban ce zan tsaya miki ba. Yana da kawunnai biyar, kowanne da rawaninsa da bakinsa, ni kuma mace ce mai ciwon gwiwa. In kin shigo gidana ina so. Amma ba na son ki shigo kina kallona kullum a matsayin wadda ta cire miki wannan." Ta ɗan taɓa katina da yatsa. "Wanda yake so a cire, ya buɗe baki ya faɗa."

Ban san ko na samu uwa ba ne ko na rasa miji. Ina nan zaune da rabin ƙwai a hannu mutanena suka fara fitowa suna fifita da tikiti, malamar Iskandariyya tana ta murna ta ga makaɗan. Shazli ne na ƙarshe. Ya zo ya tsaya a kanmu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ya dubi idona da ya yi ja, ya dubi uwarsa.

"Kun yi magana?"

"Mun yi tamu," in ji Hajja. "Saura taka."

Na ga lokacin da ya gane. Fuskarsa ta canza, ya buɗe baki, sai ga ɗan Alƙahira da tambayar ina ne banɗaki. Haka na tashi na ci gaba da aiki. Kabari biyu suka rage, na ɗaga hotuna na yi bayani, ban san me na faɗa ba. Muka je Habu, muka ci abincin rana a wani gida mai rumfar inabi, Hajja ta ce miyar lalonsu ruwa ce tsululu, ta tambaye ni ko na iya girki ko shi ma a ofis nake yi. Kowa ya yi dariya ba tare da ya san dalili ba. Shazli bai ci komai ba. Mama kuwa ta turo saƙo goma sha ɗaya, na ƙarshen hoton yadi biyu ne, ja da ruwan zuma, wai wanne za a ɗinka min na Alhamis.

Ƙarfe uku muka dawo bakin fito. Sauran baƙin suka wuce otal da direba, ni a nan nake sauka. Hajja ta ce za ta zauna a kan dakali ta huta, ta juya mana baya da gangan. Muka tsaya ni da shi kusa da masu kwale-kwale, rana tana dukan ruwa.

Ni na fara. Na ce na yi masa ƙarya, na yi nadama, ba ni da hujja. Ya ce ya yafe tun tuni, ya san ba daga ni ba ne. Ya faɗe shi da taushin da ya sa na ji ina son shi fiye da jiya, kuma wannan ya ƙara rikita ni. Sannan ya shiga murza makullin mota.

"Kin iya aikin," ya ce. "Ban zaci haka ba."

"Amma?"

"Nagla, ba zan iya ba. Ba zan iya zama a wurin aiki ana miƙo min matata a waya ba. Ba zarginki nake ba, wallahi. Zuciyata ce ba ta ɗauka."

Na ce to mu zauna mu yi magana, ko in rage kwanaki, ko in riƙa ɗaukar iyalai da 'yan makaranta kawai. A ɗaga Fatihar sati biyu mu fahimci juna. Ya girgiza kai, idonsa a ƙasa.

"Ba za a iya ɗagawa ba. Bidiyon ya kai wurin kawuna babba. Jiya ya kira ni, na ce masa tsohon bidiyo ne, kin ajiye aikin tun da aka fara maganarmu."

"Ka ce na ajiye?"

"Na ɗauka yau za a gama. Na ɗauka Hajja..." Bai ƙarasa ba.

Kun ji fa. Mama ta zaunar da ni a ofishin da ban taɓa shiga ba, shi kuma ya sallame ni daga aikin da ban bari ba. Kowa ya yi min ƙarya don yana sona, babu wanda ya tambaye ni, ni ma kuma da aka zo wurin ban tambayi kaina ba. Na so in yi masa ihu, na so in riƙe hannun rigarsa in ce kada ya tafi. Ban yi ko ɗaya ba. Ya ce in yi tunani, yana jiran amsata kafin magariba don ya san abin da zai gaya wa kawunnansa. Ya je ya ɗago Hajja. Da za su wuce ta gabana ta matse min hannu sau ɗaya.

Na zauna a dakalin da ta tashi, malfata a cinya. Jirgin fito ya zo ya sauke mutane, ya ɗebi wasu ya koma, ina nan. Waya ta yi motsi. Maryan ce.

"Gobe mutum goma sha takwas, haikalin Karnak da Kwarin Sarakuna, ƙarfe shida. Kin karɓa?"

Kafin in taɓa, nasa ya shigo a kai.

"Mun kama hanya. Kalma ɗaya kawai nake so, Nagla. Kin amince?"

Na daɗe ina kallon su biyun, ɗaya a kan ɗaya. Ina son mutumin nan, Allah ya sani, har yanzu da nake rubuta muku ina son shi. Na buɗe na Maryan na rubuta mata "Na karɓa," na tura kafin hannuna ya canza shawara.

Sannan na buɗe nasa. Ya ga na karanta. Na rubuta, "Gobe ƙarfe shida ina Karnak. In har Alhamis tana nan, ka gaya wa kawunka gaskiya." Alamar karanta saƙo ta koma shuɗiya nan take. A ƙarƙashin sunansa aka nuna yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Kiran Mama ya shigo ya rufe fuskar wayar, na bar shi yana ta ƙara a hannuna ban ɗauka ba.